Farin kwaɗon lambun Gyinyase: a dubi idonsa kafin a yanke masa hukunci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan jaridarka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ɗan al'amari da ya faru a nan Kumasi cikin daminar bana. Ni tsohon malamin kimiyya ne, na daɗe ina koyarwa a makarantar sakandare kafin in ajiye alli, shi ya sa mutanen unguwarmu ta Asawase suke kawo mini duk abin da ya ɗaure musu kai, tun daga tsutsar da ta cinye kabeji har zuwa husufin wata.

Wani ƙanen matata yana noman lambu a bakin rafi a wajen Gyinyase, kusa da jami'ar Kwame Nkrumah, inda 'yan'uwanmu da yawa da suka gangaro daga arewa suke shuka latas da kabeji da albasa mai lawashi. Kamar sauran masu lambu a wurin, yana da ramin da ya haƙa, wanda zurfinsa bai wuce ƙugu ba, inda ruwa ke taruwa yana ɗiba yana bai wa shuka. Wata safiya cikin watan Mayu, bayan an kwana ana ruwa, ya ɗaga wani tsohon buhu a bakin ramin sai ya tarar da kwaɗo a lafe a ƙarƙashi. Nan take ya kira ni a waya, muryarsa har rawa take yi, ya ce: "Yaya, don Allah ka zo ka gane wa idonka, tun da nake ban taɓa ganin irin wannan ba."

Kafin in isa mutane sun riga sun taru. Wani yaro yana riƙe da dutse, jira kawai yake yi a ce ya jefa. Wata dattijuwa mai sayar da koko ta ja gefe tana salati, tana cewa aljani ne, a bar masa wurin tun bai yi fushi ba. Wani saurayi kuma ya zaro kuɗi daga aljihu yana ciniki, wai ya san wanda yake aiki da irin waɗannan. Na roƙi kowa ya dakata, muka zuba ruwa kaɗan a bokiti, muka sa kwaɗon a ciki, muka kai shi inuwa na durƙusa na ƙare masa kallo.

Kwaɗon gida ne, irin mai kaushin fata da ke shigo mana tsakar gida da dare yana cin shinge a ƙarƙashin fitila, wanda masana ke kira Sclerophrys regularis. Siffarsa ba ta da aibu ko kaɗan: ƙurajen bayansa suna nan, kumburin nan biyu na bayan idanu inda dafinsa yake suna nan, yatsunsa a cike. Launi ne kawai ya bambanta. Mutanen wurin suna ta cewa fari, amma idan ka matso kusa, kalarsa ta fi kama da man shanu, da ɗan rawaya-rawaya a gadon baya, fatar cinyoyinsa kuwa tana nuna ja-ja saboda jinin da ke ƙarƙashinta. Abin da na fi son gani shi ne idanu, kuma da ya ɗago kai na gan su jajaye kamar ruwan zoɓo. Da hasken rana ya ratso ta tsakanin ganye ya faɗa cikin bokitin, sai ya juya ya cusa kansa ɓangaren duhu. Daga nan na san zabiya ne.

Bayanin wannan ba shi da wuya. Duhun fata da na ido, ko a mutum ko a dabba, daga wani sinadari yake fitowa mai suna melanin, wanda jiki ke sarrafa wa kansa. Idan ƙwayar gadon da ke kula da wannan aiki ta sami tangarɗa, sai jiki ya kasa yin melanin, fata ta fito ba duhu, ido kuma ya yi ja domin babu abin da ya rufe jijiyoyin jinin da ke cikinsa. Wannan tangarɗa ba ta bayyana sai ɗa ya karɓe ta daga uwa da uba duka biyu. Mu mutanen Kumasi bai kamata wannan lissafi ya zame mana baƙo ba, tunda a garin nan aka fara gwajin sikila ga jarirai a ƙasar Ghana a shekarar 1995, kuma yau da wuya a sami mai shirin aure da bai ji cewa idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS ba. Haka gadon zabiya yake tafiya. Kwaɗi biyu masu launin ƙasa, waɗanda ba ka ganin komai a jikinsu, za su iya haɗuwa su haifi farare.

Ga wani abin lura a nan. Macen kwaɗon gida takan saki ƙwai dubbai a zama ɗaya, a jere cikin wani zare mai yauƙi kamar carbi, baƙaƙe wuluk. A ce ta saki dubu huɗu, kuma ita da mijin duk suna ɗauke da gadon, to kusan dubu ɗaya daga cikin 'ya'yan zabiyoyi ne. Me ya sa ke nan mutum zai shekara hamsin yana noma a bakin ruwa bai taɓa ganin ko ɗaya ba? Da farko dai haɗuwar masu gadon biyu ba kullum take faruwa ba, sai dai ta fi sauƙi a ƙaramin ruwa da gine-gine da tituna suka yanke daga sauran ruwaye, inda dangi ke ta barbarar dangi. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci, farin ɗan kwaɗo a cikin baƙin taɓo tamkar fitila ne a duhu. Zalɓe yana hango shi daga nesa, tarwaɗa da 'ya'yan mazari da ke cikin ruwa suna fara kama shi kafin 'yan'uwansa, ganinsa yana da rauni, zafin rana kuma yana cutar da fatarsa fiye da ta sauran. Wanda ya tsallake wannan duka har ya kai girman wanda muka gani a bokiti, ya sha da ƙyar ba sau ɗaya ba, kuma ina jin abin da ya taimake shi shi ne kwaɗon gida da dare yake yawo, da rana yana ɓoye. A ce halittar da ta kuɓuta daga bakin zalɓe ta zo ta mutu da dutsen ɗan makaranta, wannan ya tsaya mini a rai.

Sai dai kama da wane ba ta wane, kuma nan ne nake son masu karatu su natsu, domin yawancin kwaɗin da ake kira farare ba zabiyoyi ba ne. Fatar kwaɗo hawa uku take da shi na ƙwayoyin launi. Na sama yana ɗauke da rawaya da ja, na tsakiya cike yake da wasu ƙananan ƙyalƙyali kamar ɓarɓashin madubi da ke mayar da haske mai shuɗi-shuɗi, na ƙasa kuma shi ne mai melanin. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marina ya san cewa idan shuɗi ya haɗu da rawaya kore ake samu. To, haka yawancin korayen kwaɗi suke samun korensu, ba tare da suna da koren rini a jiki ba. Idan hawan rawaya ya ɓace, kwaɗon da ya kamata ya zama kore sai ya fito shuɗi. Idan melanin ne ya ɓace, rawaya da ja suna nan daram, shi ya sa zabiyan kwaɗo ya fi fitowa ruwan ƙwai ko ruwan lemo maimakon fari tas. Akwai kuma wanda fatarsa ke rasa launi gaba ɗaya ko a wasu wurare, ya yi dabbare-dabbare, amma idonsa baƙi ƙirin, kuma wannan wata tangarɗa ce daban. Saboda haka ido ne alƙali.

Ban da gado, kwaɗo ɗaya yana iya sauya duhunsa cikin yini guda. Wani ruwan jiki da ke fitowa daga wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa shi ke umartar melanin ya bazu cikin ƙwayoyin fata ko ya dunƙule wuri ɗaya. A wuri mai sanyi da laima da duhu yakan bazu, kwaɗo ya yi baƙi-baƙi, a wuri mai zafi da haske kuma ya dunƙule, kwaɗo ya koɗe. Ba ya yin wannan da saurin hawainiya, yakan ɗauki mintoci masu yawa ko sa'o'i, amma duk mai shakka ya sa kwaɗo ɗaya a farin bokiti, wani a baƙi, ya dawo bayan sallar azahar ya gwada su.

Wanda ya fi ba ni mamaki a wannan fanni ɗan ƙaramin kwaɗon ciyawa ne na ƙasashen saheli da dajin arewa, Hyperolius nitidulus, wanda bai fi kan babban yatsa ba. Manyan kwaɗi sukan shige ƙasa ko ƙarƙashin duwatsu idan rani ya yi, amma 'ya'yan wannan sukan manne a jikin busasshiyar ciyawa, a fili, su yi watanni rana tana dukansu. Dabarar da Allah ya ba su ita ce hawan nan na tsakiya mai ƙyalƙyali yana ƙaruwa har su koma fari kamar alli, suna mayar da zafin rana kamar yadda farar riga ke yi, kuma idan damina ta dawo su koma launinsu. Masana sun daɗe suna nazarinsa a gandun dajin Komowe da ke arewacin Kwaddibuwa. Mutumin Bawku ko Tamale da ya ga wannan a watan Fabrairu zai rantse ya ga zabiya, alhali lafiyayyen kwaɗo ne sanye da rigar rani. A dajin arewa ɗin dai akwai wani mai jan baya da baƙin gefe, Phrynomantis microps, wanda launinsa gargaɗi ne cewa fatarsa tana da guba, har ma yakan fake a cikin gidan gwano ba tare da sun harbe shi ba. A Indiya kuwa, mazan wani babban kwaɗo ɗan'uwan burduddugin da muke gani a tafkunanmu sukan rikiɗe su koma rawaya shar a farkon damina, na ɗan lokacin neman mata, sannan su koma yadda suke.

A Ingila mutane da gangan suke haƙa ɗan tafki a bayan gida domin kwaɗi su zo su yi ƙwai cikin Fabrairu da Maris, kuma saboda suna sa ido a kai, an san abubuwa da yawa game da kwaɗonsu, Rana temporaria. Iri ɗaya ne, amma ana samunsa ruwan toka, ruwan ƙasa, rawaya, ruwan lemo, har da ja. Wani lokaci sukan tarar da farin ƙwai a tafki maimakon baƙi, 'ya'yan su ƙyanƙyashe farare, bayan 'yan kwanaki kuma su yi duhu. Dalili shi ne launin ƙwai daga jikin uwa yake, don haka zabiyar uwa farin ƙwai take yi, amma idan uban mai cikakken launi ne, da zarar ɗan ya fara sarrafa melanin da gadon ubansa sai ya rine. Akasin haka ma yana faruwa, wato ɗan zabiya ya fito daga baƙin ƙwai da ɗan duhun da uwa ta ba shi guzuri, sannan ya yi ta washewa yana girma.

Da na ce wa saurayin nan mai ciniki farin kwaɗo ya taɓa yin aikin da ya fi wanda yake nufi, dariya ya yi, amma gaskiya na faɗa masa. Wani masani ɗan Ingila, John Gurdon, ya nuna a 1962 cewa idan aka ɗauki cibiyar ƙwayar halitta, wato inda gado yake, daga hanjin ɗan kwaɗo aka dasa a cikin ƙwan da aka kashe tasa cibiyar, lafiyayyen ɗan kwaɗo zai iya fitowa. Daga baya ya yi amfani da zabiyoyi a matsayin shaida da kowa zai gani da idonsa: cibiya daga zabiya, ƙwai daga baƙar uwa, 'ya'yan kuma suka fito farare duka. A kan wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel a 2012. Kwaɗon da ya yi aiki da shi, Xenopus laevis, ɗan kudancin Afirka ne, kuma ɗan'uwansa na kusa, Xenopus tropicalis, yana nan cikin ruwayen kurmin Afirka ta Yamma har da Ghana, shi ne ma kwaɗo na farko da aka karanta jerin gadonsa a 2010.

Dattijuwar nan mai koko ba ta gamsu da zancen melanin ba, kuma ban ga laifinta ba. Na ce mata: "Iya, ai ke kin fi ni sanin cewa a cikin Suratu Faɗir Allah ya ambaci saɓanin launukan mutane da dabbobi da bisashe a cikin ayoyinsa." Na kuma tuna wa masu dutse da mai ciniki hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a cikin magani, sai ya hana shi kashe shi. Hanin bai ware fari ko baƙi ba. Wannan ya sa yaron ya yar da dutsensa, abin da bayanina na rabin sa'a bai yi ba.

Ba zan ɓoye maka ba, Ya Edita, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya wuce tausayin kwaɗo. Bakin da ya ga farar halitta ya ce aljani ce ko kayan tsafi, shi ne dai bakin da ke raɗa idan an haifi zabiya a gidan maƙwabci, har uwa ta rasa inda za ta sa kanta. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta ware 13 ga Yuni a matsayin ranar wayar da kai game da zabiyoyi don wasa ba. Yaron da aka zaunar a bakin rami aka nuna masa jan idon kwaɗo aka gaya masa daga ina ya fito, zai fi sauƙin fahimtar ɗan ajinsu da ke matse ido yana matsowa gaban allo.

Akwai launin da ya kamata mai lambu ya damu da shi, amma ba na zabiya ba ne. Idan ka ga kwaɗi a fili da rana tsaka sun yi laushi, ba sa gudu, cikinsu da cinyoyinsu sun yi ja kamar an ƙona, ko ka wayi gari ka ga 'ya'yansu sun taso saman ruwa matattu, to ruwa ba ya tsami banza. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fata yake tsotsa, har wani ɓangare na numfashinsa ma ta fata ne, saboda haka duk abin da aka zuba a ruwa kai tsaye yake shiga jikinsa. Na sha ganin masu lambu suna wanke tankin feshi a cikin ramin da suke ɗiban ruwa, sannan su yi kukan gyare da tsutsa sun addabi shuka, alhali su suka kashe mai gadin da ke cinye su kyauta kowane dare. Wanda ya dubi abin da rafin Subin da na Aboabo na nan Kumasi suka koma bai buƙatar a yi masa dogon bayani.

Roƙona gare ka shi ne ka buɗe wa masu karatu ɗan fili su riƙa aiko da hotunan irin waɗannan halittu. Yau kusan kowa yana da waya mai ɗaukar hoto. Wanda ya ga kwaɗo mai baƙon launi ya ɗauke shi daga sama, ya ɗauke shi daga gefe yadda ido zai fito sosai, ya ajiye kwalin ashana kusa da shi don a gane girmansa, ya rubuta rana da wuri, sannan ya bar shi inda ya same shi. Idan ya taɓa shi, ya jiƙa hannu tukuna, ya kuma wanke bayan ya gama kafin ya kai hannu ido ko baki. Muna da masana a ƙasar nan da wannan zai yi wa amfani. Gilbert Adum ya sami lambar Whitley, wadda ake bai wa masu aikin kare halittu, a 2016 saboda aikinsa na ceto wani kwaɗo a dajin kogin Sui, Caleb Ofori-Boateng ya sami irinta a 2019 saboda wani a tsaunukan yankin Volta, kuma a 2021 aka tabbatar da sabon nau'i a dajin Atewa aka sa masa suna Conraua sagyimase. Idan a wannan zamani ana iya gano sabon kwaɗo a Ghana, ramukan lambunan Kumasi ma ba su rasa abin da za su nuna, kuma masu lambu ne ke tsaye a kansu safe da yamma.

Namu dai mun mayar da shi bakin raminsa da magariba. Surukina ya kifa masa fasasshiyar tukunya ya lulluɓe da ganyen kwakwa, ya kuma koma wanke tankin feshinsa nesa da ruwan. Bayan kwana biyar ya haska tocila da dare ya gan shi a gefen ramin, maƙogwaro a kumbure yana kuka, daga nan muka san namiji ne, domin maza ne ke wannan kuka. Cikin Yuni aka ga zaren ƙwai a jikin ciyawar ramin, 'ya'yan suka fito baƙaƙe, suka girma baƙaƙe, suka watse cikin kunyoyin latas. Surukina ya ce ashe abin bai bi jini ba. Na ce masa ya yi haƙuri, domin idan farin ne ubansu, kowane ɗayansu yana ɗauke da gadon a ɓoye, kuma a jikoki zai fito, baɗi ko baɗin baɗaɗa, matuƙar ramin yana nan ba a cike shi an yi gini a kai ba. Ya ce zai riƙa duba ƙarƙashin buhun.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin kimiyya,
Asawase, Kumasi.